Cikin da Aka Jira a Gwadalup

Ya ɗan'uwa mai karatu, akwai tsibiri a tekun Karibiyan mai suna Gwadalup, inda Faransawa suka kafa gandayen rake da gumin bayi 'yan Afirka. Dokar da Sarki Luwi na 14 ya kafa a 1685 ta umarci a yi wa kowane bawa baftisma, ta kuma ce ɗan da baiwa ta haifa bawa ne. Wato ruwan baftisma ya taɓa goshin mace, amma abin da ke cikinta dukiyar ubangida ne. Wannan abin kunya ne da bai kamata mu masu bi mu ɓoye ba.

A can aka haifi wata mace da tarihi ya sani da suna Solitud. A 1794 Faransa ta soke bauta, bayi suka shaƙi iskar 'yanci shekara takwas. A 1802 Napoliyon ya aiko da Janar Rishpans da dubban sojoji, mutanen tsibirin kuwa suka gane sarƙa ce za ta dawo. Wani hafsa mai suna Luwi Delgres ya ja daga, maza da mata suka bi shi. Solitud tana cikinsu, da juna biyu.

Ran 28 ga Mayu aka yi musu ƙawanya a Matuba. Delgres da mutanensa kusan 300 suka cinna wa albarushi wuta, suka mutu maimakon su miƙa wuya. Solitud ta faɗa hannu, aka yanke mata hukuncin kisa, amma aka dakata har ta sauka. Ran 29 ga Nuwamba, bayan ta haihu, aka kashe ta. Bauta ta dawo, ba a kuma soke ta ba sai a 1848.

Ka tuna da Shifra da Fu'a, ungozomomin nan na Littafin Fitowa, da suka ji tsoron Allah fiye da Fir'auna. Solitud ba ta bar mana ko kalma ɗaya a rubuce ba, sai aikinta: uwa ce da ta ƙi haifa wa gandu bawa.

To, ɗan'uwa, yarinyar da ke maka aikatau a gida, yaya kake biyanta, yaya kake kiranta? Ubangiji ya ba mu idon ganin kamanninsa a cikinta. Amin.