Jerin Gurabe: Yadda Manhajojin Gyara Rubutu Suke Rabon Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Manhajar gyara rubutu kullum cikin neman wuri take a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Layin da aka ƙara, alamar da aka kafa a tsakiyar shafi, gyaran da ake so a iya janyewa, kowanne yana buƙatar ɗan wurin ajiya, kuma yawancinsu ba sa daɗewa. In aka riƙa yanka wa kowa daidai girmansa, ba a jimawa ƙwaƙwalwar ta cika da 'yan ramuka waɗanda babu abin da zai shiga cikinsu, neman wuri kuma ya riƙa cin lokaci.

Dabarar da masu rubuta manhaja suka daɗe da riƙewa ita ce a karɓi babban fili lokaci guda, a yanka shi gurabe masu girma ɗaya, sannan a ɗaure waɗanda babu komai a cikinsu a jeri guda. Kowane gurbi fanko yana ɗauke da adireshin na bayansa a cikinsa, saboda haka jerin ba ya cin ƙarin wuri. Mai buƙata a ba shi na gaba. Gurbin da aka gama da shi a mayar da shi gaban jeri. Abin ya yi kama da gidan haya na Agege mai ɗakuna iri ɗaya suna kallon juna: in baƙo ya sauka daga Kano, mai gida ba ya awon ɗaki, makullin da ke hannu kawai zai miƙa.

Dabarar ta girmi manhajojin da suke amfani da ita yau. A 1956 Allen Newell da Cliff Shaw da Herbert Simon suka yi aiki da irin wannan jeri a harshen IPL a Amurka. John McCarthy na jami'ar MIT ya bayyana shi a takardarsa ta 1960 kan harshen LISP, a na'urar IBM 704, inda kowane gurbi kalma ɗaya ce mai bit 36 da ke ɗauke da adireshi biyu. Shi ne kuma ya haɗa shi da shara: in jeri ya ƙare, manhaja ta bi ta tsince guraben da aka daina amfani da su. Donald Knuth ya shigar da jerin cikin littafin karatu a 1968 da sunan AVAIL.

Manhajar ed ta Ken Thompson, wadda ta zo tare da Unix a Bell Labs, ta yi aiki a kan kwamfutar PDP-11, inda manhaja ba ta iya ganin fiye da kilobayit 64. Sai ta ajiye rubutun a fayil na wucin gadi a faifai, a gurabe masu bayit 512, ta bar adireshin layuka kaɗai a ƙwaƙwalwa. Amma ed ba ta karɓar wurin da aka saki. Gaba kawai take ƙarawa. Manhajar ex da vi ta Bill Joy, da ta fara a Berkeley a 1976, ta gaji wannan tsari.

A GNU Emacs ta Richard Stallman, wadda ta fito a 1985, ake ganin aikin a sarari, cikin fayil ɗin alloc.c. In aka nemi sabon gurbi na cons, wato irin na LISP mai adireshi biyu, mai bayit 16 a kwamfutar bit 64, manhajar tana fara duba jerin gurabe fanko mai suna cons_free_list. In da saura, ta cire na gaba. In babu, ta yanko daga filin da ke hannu. In shi ma ya ƙare, sannan ta nemi sabon fili. Lokacin shara kuma ta sake ɗaure jerin tun daga farko. Abin lura, ainihin rubutun ba ya cikin waɗannan gurabe: yana zaune a fili guda mai giɓi a wurin da ake gyara. Ƙananan abubuwa masu yawan zuwa da tafiya su ake yi wa gurabe, kuma hikimar ke nan.

Vim, wadda Bram Moolenaar ya fitar a 1991 don kwamfutar Amiga, ta bi wata hanya. Ta zuba rubutun kansa a shafuka, yawanci masu bayit 4096, tana kwafe su a fayil ɗin .swp, tana kuma riƙe jerin waɗanda aka saki. Shi ya sa in wuta ta ɗauke ana tsakar aiki ake iya ceto rubutu, amfanin da mazaunin Legas ba ya buƙatar a yi masa bayaninsa. Manhajar sam ta Rob Pike kuwa jeri da yawa take riƙewa, kowane girma da nasa.

Dabarar tana da tsadarta. Abu mai bayit 10 in ya shiga gurbi mai 16, an yi asarar 6. Mafi muni shi ne a saki gurbi ɗaya sau biyu, ko a ci gaba da rubutu a cikinsa bayan an sake shi: jeri ya lalace, masu buƙata biyu su samu wuri ɗaya, kuma ɓarnar ba ta bayyana sai can gaba, nesa da inda aka yi kuskuren. Duk da haka ribar ta rinjayi asarar, domin bayarwa da karɓa ba sa wuce taki biyu ko uku komai girman fayil. A 1994 Jeff Bonwick na kamfanin Sun ya gina tsarin slab a kan wannan tushe, Linux ta ɗauka, kuma wayoyin Android da ake sayarwa a Computer Village ta Ikeja a kan Linux suke aiki.