Daga Minjirya zuwa Na'ura: Tarihin Ƙoƙarin Maido wa Ɗan Adam Kalmominsa

Masuntan ƙasar Hausa, har da na kogin Gagere da ya bi ta gefen Ƙaura Namoda, ba sa buƙatar a gabatar musu da minjirya: kifi ne da wanda ya taɓa shi zai ji lantarki ya fisgi hannunsa. Da irin wannan halitta likitoci suka fara gwada lantarki a kan ɗan adam. A ƙarni na farko na miladiyya, Scribonius Largus, likita a Rum zamanin Sarki Kalaudiyas, ya rubuta cewa a ɗora wani kifin teku mai lantarki a kan mai fama da ciwon kai. Bai san abin da ke aukuwa a cikin ƙwaƙwalwa ba, amma ya buɗe wata ƙofa.

Kafin lantarki ya yi wa magana wani amfani, sai da aka gano mazauninta. A 1861, likita Paul Broca ya duba wani majinyaci a asibitin Bicêtre na Faransa mai suna Leborgne, wanda ya shekara 21 kusan ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya: "tan". Da ya rasu, Broca ya tarar da lahani a gaban ƙwaƙwalwarsa ta ɓangaren hagu. A 1874, Carl Wernicke na Jamus ya nuna wani wurin, can baya kaɗan, wanda lalacewarsa ke hana fahimtar magana.

Shekaru da dama bayan haka, ana danganta ɓacewar magana galibi da shanyewar ɓarin jiki, wadda ke faɗa wa mutum farat ɗaya. A 1982 ne Marsel Mesulam, haifaffen Istanbul mai aiki a Amurka, ya bayyana majinyata shida da kalmomi ke suɓuce musu sannu a hankali, alhali suna gane mutane, suna kuma tafiyar da al'amuransu. Wannan ita ce afasiya mai ci gaba. Sunadarai ne ke taruwa su kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a sashen harshe, kuma sau da yawa takan fara tun mutum bai kai shekara 65 ba. A 2011 masana suka raba ta gida uku: mai sarƙe furuci da ginin jimla, mai shafe ma'anar kalma, da mai hana lalubo kalmar da aka sani.

A ɗaya gefen kuwa, lantarki ya bar jikin kifi ya koma na'ura. A 2000, Michael Nitsche da Walter Paulus na Jami'ar Göttingen suka nuna cewa ɗan ƙaramin lantarki da aka bi da shi ta fatar kai yana ƙara ko rage saurin amsawar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Hanyoyin biyu suka haɗu a 2014, lokacin da Maria Cotelli a Italiya da Kyrana Tsapkini a Jami'ar Johns Hopkins suka gwama wannan dabara da atisayen harshe. Ana manna faifai biyu a kai, a saki miliamfa ɗaya zuwa biyu na kimanin minti 20, majinyaci kuma yana kiran sunayen hotuna ko rubuta kalmomi. Waɗansu sun riƙe abin da suka koya har watanni biyu, amma nau'o'in cutar ba su amfana daidai ba, kuma babu wanda ya warke.

Darasin yana cikin gwamin. Lantarki ba ya ɗauke da kalma ko guda. Kamar ban ruwa ne ga gona, atisaye shi ne iri. Iri kuwa dole ya zama na harshen mai gona. Jarrabawar da aka tsara da Ingilishi ba za ta gane cewa "gari" na zama da "gari" na tuwo tsawon wasali ne ya raba su ba.

Nan ne tarihin ya shafi Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Idan malamin zaure ko dillalin kasuwa ya fara inda-inda, ya nemi sunan buta ya rasa, iyalinsa na iya cewa tsufa ne ko sammu. Kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiya ce a kan hanyoyin da rashin tsaro ya addaba. Na'urar ba ta fi tafin hannu ba, ana iya sayo ta. Abin da ba a shigowa da shi daga waje shi ne ƙwararren mai gyaran magana da ya iya Hausa, da ma'aunin da aka gina a kanta.

Kafin a samu waɗannan, akwai aikin da iyali za su iya farawa yau: tattara hotunan 'ya'ya da jikoki da kayan sana'a a littafi guda, maimaita sunayensu tare da majinyaci kullum, da naɗar muryarsa tun kalmomin suna hannunsa.