Samariya, Makarantar Hali

Hausawa suna cewa hali zanen dutse ne. To, amma dutse ba ya zana kansa. A ƙasarmu, tun kafin zuwan Nasara, samariya tana cikin masu yin wannan zane.

A da, gari ko unguwa suna da sarkin samari, da muƙarrabansa masu sarautu irin na fada. Shi ne mai kiran gayya. In ciyawa ta ci gonar wani tsoho, sai a kaɗa ganga tun da asuba, samari su fito da hauya, ƴan mata su biyo da fura da waƙa. Wanda ya makara a ci shi tarar goro. Wanda ya bar kunyarsa rabi da rabi, kafin azahar ƴan mata sun sa shi a waƙa, kuma wannan ya fi bulala zafi. In gobara ta tashi, ko za a yashe rijiya, ko baƙi sun sauka, su ake kira.

Ku lura da abu guda. Ba wanda ya zaunar da saurayi ya karanta masa ma'anar amana. Ajiyar kuɗin ƙungiya aka ba shi, ranar biki aka ce ya kawo. Haƙuri ya koye shi cikin rana, kunya kuwa gaban tsaransa. Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya nuna cikin littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka cewa tarbiyyar gargajiya ba ta rabu da aiki da zaman jama'a ba. Malamanmu masu karatun Imamu Gazali ma sun san haka: mai son zama karimi sai ya yi ta kyauta, ko ransa ba ya so, har abin ya zame masa jiki.

Daga baya siyasa ta shigo. Jam'iyyar RDA ta Diori Hamani ta jawo samari cikin hidimarta. Da Seyni Kountché ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ƙasa na fama da fari da yunwa, sai ya rusa jam'iyya, ya ɗauko samariya ya mai da ita ta gwamnati, tun daga ƙauye har birni. Yamai ma, inda Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Buzaye ke cakuɗe, unguwanni suka samu tasu. An gina azuzuwan lakwal, an dasa itatuwa, an share tituna. A 1976 aka yi wasan matasa na ƙasa na farko a Damagaram.

Ba zan rage wa wannan aiki daraja ba, akwai waɗanda suka koyi baƙi da wasali cikin azuzuwan nan. Amma a ganina wani abu ya sauya. Saurayin da ya fita gayya don kunyar idon tsaransa daban yake da wanda ya fita tarbon babban baƙo don an aiko daga sama. Na farko yana iya jin nauyi ko ba kowa kusa. Na biyu in mai aike ya kau, ya koma inuwa.

Kountché ya rasu a 1987. Bayan babban taron ƙasa da aka yi a Yamai a 1991, jam'iyyu suka yi yawa, samariyar gwamnati ta shiririce, don mutane da dama sun ɗauke ta kayan mulkin soja. Cikin shekarun nan ne fada-fada suka bazu a bakin tituna. Ana zarginsu da zaman banza da shan shayi, wani lokaci da gaskiya. Duk da haka, akwai fadar da ke da shugaba da asusu, tana tara gudummawa in ɗayansu zai yi aure ko an yi masa rasuwa, tana gadin unguwa da dare, kuma wanda ya ci kuɗin asusu ba ya sake samun wurin zama a tabarmar.