Tallafin gwamnatin Amurka ga binciken cutar farin hanci ta jemagu

Tallafin binciken cutar farin hanci kuɗi ne da gwamnatin tarayyar Amurka take ba jami'o'i da hukumomin jihohi da ƙungiyoyin kare namun daji domin su gano yadda za a shawo kan wata cutar fumfuna da ke kashe jemagu a Arewacin Amurka. Hukumar Kula da Kifaye da Namun Daji ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da USFWS, ita ce ke jagorantar aikin, tare da Hukumar Binciken Ƙasa ta USGS da Hukumar Gandun Daji ta ƙasar. An fara ganin alamar cutar a shekarar 2006, kuma ana lissafa ta cikin annoba mafi muni da suka taɓa afka wa namun daji a nahiyar.

Cutar da yadda take kisa

Wata fumfuna ce mai son sanyi take haddasa cutar, sunanta na kimiyya Pseudogymnoascus destructans. Kafin shekarar 2013 ana kiranta Geomyces destructans. Tana bunƙasa a wuri mai sanyi da danshi, kuma ba ta iya girma idan zafi ya haura kimanin digiri 20 a ma'aunin Salshiyos. Saboda haka kogwanni da tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai, inda jemagu suke dogon barcin hunturu, suka zama mazauninta. Cutar ta samo sunanta ne daga farin garin da yake fitowa a hancin jemagen da ya kamu, amma babbar ɓarnarta a fatar fukafukai take.

A lokacin dogon barcin hunturu jemage yakan rage zafin jikinsa da bugun zuciyarsa, ya rayu da kitsen da ya tara a kaka, domin babu ƙwarin da zai ci sai bazara. Garkuwar jikinsa ma takan yi rauni a wannan lokaci. Idan fumfunar ta ci fatar fiffike, jiki yakan yi asarar ruwa da gishiri, sai jemagen ya riƙa farkawa fiye da yadda ya saba. Kowace farkawa tana cin kitse mai yawa. Kafin sanyi ya wuce kitsen ya ƙare, wasu su fita neman abinci da rana tsaka cikin dusar ƙanƙara, su mutu da yunwa ko sanyi a bakin kogo.

Ɓullarta da yaɗuwarta

Shaida ta farko ita ce hoton da wani mai shiga kogwanni ya ɗauka a watan Fabrairu na 2006 a kogon Howes da ke kusa da birnin Albany a jihar New York. Daga nan cutar ta bazu zuwa jihohin arewa maso gabas, ta shiga Kanada a 2010. A watan Maris na 2016 aka same ta a jihar Washington da ke gaɓar yamma, tazarar kusan kilomita 2,000 daga wuri mafi kusa da aka san tana nan. Zuwa shekarar 2024 an tabbatar da ita a jihohi 40 na Amurka da larduna da dama na Kanada.

Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa fumfunar baƙuwa ce a Arewacin Amurka. Ta daɗe a Turai da Asiya, inda jemagu suke ɗauke da ita ba tare da mutuwa da yawa ba. Jemagu ne suka fi yaɗa ta a tsakaninsu, amma tana iya maƙalewa a takalma da tufafi da kayan aikin masu shiga kogwanni, kuma tana daɗewa a ƙasar kogo ko da jemagun sun ƙare.

A watan Janairu na 2012 hukumar USFWS ta ƙiyasta cewa jemagu miliyan 5.7 zuwa miliyan 6.7 sun mutu. Wani nazari da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa a inda cutar ta kai, jinsi uku sun ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari cikin ƙasa da shekara goma. Su ne ƙaramin jemage mai launin ƙasa, da jemagen arewa mai dogon kunne, da jemage mai launi uku.

Dalilin sa kuɗin gwamnati

Jemagun da cutar take kashewa masu cin ƙwari ne, ciki har da ƙwarin da ke ɓata masara da auduga da itatuwan daji. A 2011 mujallar Science ta wallafa wani nazari da ya ƙiyasta cewa aikin da jemagu suke yi wa manoman Amurka ya kai aƙalla dala biliyan 3.7 a shekara. A 2024 masanin tattalin arziki Eyal Frank na Jami'ar Chicago ya wallafa wani nazarin a mujallar, inda ya gano cewa a gundumomin da cutar ta shiga manoma sun ƙara feshin maganin ƙwari da kimanin kashi 31 cikin ɗari, mutuwar jarirai kuma ta ƙaru da kusan kashi 8 cikin ɗari.

Akwai kuma dalili na doka. Dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa ta 1973 ta ɗora wa gwamnatin tarayya alhakin ceto duk jinsin da aka sa cikin jerinta. An sa jemagen arewa mai dogon kunne a rukunin masu fuskantar barazana a 2015, sannan a ƙarshen 2022 aka yanke shawarar mayar da shi rukunin waɗanda ke dab da ƙarewa. Kanada ta sa jinsin nan uku cikin nata jerin tun 2014.

Hanyoyin da tallafin yake bi

A watan Yuni na 2009 Majalisar Wakilan Amurka ta saurari bahasin masana kan cutar, kuma a kasafin kuɗin 2010 aka ware dala miliyan 1.9 domin bincike a kanta. A kasafin 2012 majalisa ta umarci hukumar USFWS ta kashe dala miliyan 4 a kan wannan aiki. A watan Mayu na 2011 aka fitar da tsarin ƙasa wanda ya raba aikin tsakanin hukumomin tarayya da jihohi da ƙabilun asali na ƙasar.

Kuɗin yana fita ta hanyoyi uku manya. Ta farko ita ce tallafin bincike, inda hukumar take bayyana tambayoyin da ta fi buƙatar amsarsu, masana su aiko da tsarin aikinsu, a tantance a zaɓa. Ta biyu ita ce tallafi ga jihohi da ƙabilun asali, wanda suke amfani da shi wajen ƙidayar jemagu, da ɗaukar samfuri, da sa ƙofofin ƙarfe a bakin kogwanni ta yadda jemage zai wuce amma mutum ba zai shiga ba. Ta uku ita ce haɗin gwiwa da ƙungiyoyi da kamfanoni, kamar asusun Bats for the Future da aka kafa musamman domin gwada magunguna a fili. Ban da waɗannan, akwai shirin sa ido na NABat, wanda aka fitar da tsarinsa a 2015, da ke tattara bayanai kan yawan jemagu a faɗin nahiyar, har da amfani da na'urorin naɗar kukansu.

Abin da binciken ya samar

A shekarun farko yawancin kuɗin ya tafi ne wajen gano musabbabin cutar. Masanan cibiyar lafiyar namun daji ta USGS da ke Madison a jihar Wisconsin suka fara bayyana fumfunar, sannan a 2011 wani gwaji da aka wallafa a mujallar Nature ya tabbatar da cewa ita kaɗai ta isa ta sa wa lafiyayyen jemage cutar. An kuma samar da gwajin ƙwayoyin gado da ke gano fumfunar daga ɗan abin da aka goge a fiffike, aka gano cewa raunukan fiffike suna sheƙi da launin ruwan lemo idan aka haska su da hasken UV. Wannan ya sa ana iya duba jemage ba tare da an kashe shi ba.

Daga baya hankali ya koma kan magani. An gwada wasu bakteriya masu hana fumfunar girma, irin su Pseudomonas fluorescens da Rhodococcus rhodochrous. A 2018 masanan Hukumar Gandun Daji suka nuna cewa hasken UV mai ƙarfi yana kashe fumfunar, domin ba ta da wani sinadarin gyara ƙwayoyin gado da danginta suke da shi. A 2019 masanan USGS suka wallafa sakamakon gwajin rigakafin da ya ƙara wa ƙananan jemagu masu launin ƙasa damar tsira. A jihar Pennsylvania an gwada sanyaya wasu ramukan haƙar ma'adinai domin rage saurin girman fumfunar. Wasu kuma suna kunna fitilu kusa da kogwanni a kaka don tara ƙwari, jemagu su ci su yi ƙiba kafin barci.

Ƙalubale

Maganin da ya yi aiki a ɗakin gwaji yana da wuyar kaiwa ga jemagun da ke warwatse a dubban kogwanni da tsagar duwatsu. Dole kuma a yi hattara kada abin da aka fesa ya kashe sauran halittun kogo. Shi ya sa har yanzu rigakafin yaɗuwa yake da babban matsayi. Tun 2009 aka rufe kogwanni da yawa da ke filayen gwamnati, aka kuma shimfiɗa ƙa'idar tsabtace kaya da ruwan zafi mai digiri 55 ko da sinadaran kashe ƙwayoyin cuta.

A wasu wurare na arewa maso gabas, inda cutar ta fara, ragowar ƙananan jemagu masu launin ƙasa sun daina raguwa, wasu garkunan ma sun fara ƙaruwa. An lura cewa waɗanda suka tsira sukan shiga hunturu da kitse fiye da na da. Sai dai yawancin jemagun nan ɗa guda suke haifa a shekara, don haka dawowar yawansu zai ɗauki shekaru masu yawa. Wannan ya sa aikin sa ido da kare wuraren haihuwarsu yake buƙatar kuɗi na dogon lokaci, alhali kuwa majalisa kowace shekara take sake duba kasafin da ake cire tallafin daga ciki.