Tsofaffin kwakwa: manja ko bammi?

Ku da ke sayen jarkokin manja a Dantokpa kuna tsallaka iyaka da su, da ku da ke kora shanu a ƙarƙashin itatuwan kwakwa, kun san tun yaushe ake rigima a kan wannan itace?

Tun zamanin Sarki Gezo na Dahome ne, wanda ya yi mulki daga 1818 zuwa 1858. Da cinikin bayi ya fara mutuwa, sai Turawa suka koma neman manja don sabulu da man injuna. A 1841 'yan kasuwar gidan Régis na Marsey suka buɗe shago a Wida. Gezo ya sa aka yi ta dashen kwakwa, ya ɗora haraji a kan manja, ya kuma hana sare itacen. To, me ya sa sai da sarki ya hana? Saboda bammi. A kudancin ƙasar nan yawanci ba hawa ake yi a tsaga itace a bar shi da ransa ba. Kayar da shi ake yi, a huda kan, ruwan ya yi makonni yana ɗiga cikin tulu. Da ya tsaya, shi ke nan, itace ya mutu.

Bayan yaƙin duniya na farko abin ya ƙaru. Labarin da ya shahara shi ne wani tsohon sojan Faransa mai suna Sodabi ya dawo gida da dabarar dafa bammi a tace shi ya zama barasa mai ƙarfi, har sunansa ya bi abin. Turawan mulki suka hana, ba a daina ba. A ƙasar Aja ma akwai gonakin da ake dasa kwakwa a cunkushe don a kayar kawai, kuma masana suna kiransu da kalmar da Faransawa ke kiran gonar inabin giya, wato vignoble. Sai dai a Faransa tsohuwar kurangar inabi lallaɓa ta ake yi, don 'ya'yanta kaɗan ne amma sun fi ɗanɗano. A nan gatari ake kai wa.

Mu dai a Zongo ba shan sodabi muke yi ba, Allah ya kiyaye, amma kasuwarsa tana taɓa aljihunmu. Kwakwar gargajiya, wadda masana ke ce wa dura, ɓawon ƙwallonta kauri gare shi, manta kaɗan ne. Sabon iri, tenera, wanda cibiyar bincike ta Pobe ke rabawa, ya fi ba da mai nesa ba kusa ba. Don haka manomin da kuɗin makaranta ya matsa wa yakan sayar wa masu bammi tsofaffin itatuwansa, ya dasa sabo. Ban ga laifinsa ba. Amma ku tambayi matan da ke dafa manja: da yawansu za su ce muku na gargajiya ya fi ja, ya fi ƙamshi, kuma shi masu miya ke nema.

Wani abu ga mai niyyar dashe: tenera haɗin iri biyu ne. In ka tsinci ƙwallonta a gindin itace ka shuka, kusan rabi ne kawai za su fito tenera, kashi ɗaya cikin huɗu su koma dura, sauran kuwa yawanci ba sa 'ya'yan kirki. Kuma sai ka yi shekara uku ko huɗu kana wahala kafin ka gane wanda ka samu.