Rajistar Mamatan da Ta Ceci Rayayyu a Ingila

Kafin Ingila ta gyara ruwan shanta, sai da ta koyi ƙirga mamatanta. Ranar 1 ga Yuli 1837 aka fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa, kuma a 1839 aka ɗora wa likita William Farr aikin tattara alƙaluman. Shi ya tsara sunayen cututtuka, ta yadda kowace mutuwa za ta zo da sanadinta, da shekarun mamacin, da sana'arsa, da unguwarsa. Da irin waɗannan alƙaluma Edwin Chadwick ya nuna a 1842 cewa a gidajen leburorin Manchester matsakaicin shekarun mutuwa 17 ne, alhali a karkarar Rutland 38 ne. Tazara irin wannan ta fi ƙarfin a kau da kai, shi ya sa majalisa ta zartar da dokar lafiyar jama'a a 1848.

Wani zai ce ai alƙaluman sun ɓatar da masu su, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. Farr da Chadwick duk sun ɗauka wari ne ke yaɗa kwalara. Da Farr ya ga annobar 1849 ta fi kisa a unguwannin Landan da ke kwari, sai ya ɗora laifin kan gurɓatacciyar iska. Shi kuwa Chadwick, garin korar wari, ya sa aka kora ƙazantar birnin cikin kogin Thames, inda jama'a ke samun ruwan sha. Garin neman gira aka rasa ido.

Sai dai kuskuren na fassara ne, kuma rajistar ce ta gyara shi. A 1854 likita John Snow ya karɓi jerin mamatan kwalara daga ofishin Farr, ya bi su gida-gida, ya tarar sun taru kewaye da famfon titin Broad, aka cire hannun famfon. A kudancin birnin kuma ya gano cewa cikin kowane gida 10,000 da kamfanin Southwark da Vauxhall ke ba ruwa, mutum 315 suka mutu, na kamfanin Lambeth mai ɗibar ruwa a saman kogi kuwa 37. Da kwalara ta dawo a 1866, Farr da kansa ya bi sawunta har matattarar ruwan Old Ford a gabashin Landan. Rajistar da yake tattara alƙalumanta ce ta tilasta masa sauya ra'ayi.