Shata Fage: Tarihin Da'irar Tsafi a Ƙasar Daura da Ingila

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba tarihin wata al'ada guda, watau keɓe wuri ta hanyar kewaye shi kafin a yi hulɗa da iskoki. Za a kwatanta yadda abin yake a bori irin na ƙasar Daura, wadda gundumar Sandamu take cikinta, da yadda yake a addinin Wicca (ana furta shi Wika) na Ingila. Dalilin kwatancen kuwa shi ne, masu fassara sukan kira Wika da sunan maita, wasu kuma su ce borin Turawa ne, alhali duka biyun ba su dace ba.

2.0 Kewaye a Tunanin Bahaushe

Tun fil azal Bahaushe ya ɗauki kewaye a matsayin tsari. Kalmar kafi ta isa shaida: tana nufin shingen itace da ake yi wa gari, tana kuma nufin asirin da ake binnewa don kare garin. Ke nan ganuwa irin ta birnin Daura iyaka ce ta fili da ta ɓoye, domin a tunanin mutanen da, daji ne mazaunin iskoki, musamman gindin tsamiya da kuka. Greenberg, a binciken da ya wallafa kan Maguzawan ƙasar Kano a 1946, ya bayyana jigo, watau sandar da ake kafawa a gida ana yi wa iskoki yanka a gindinta.

Bayan zuwan Musulunci sai aka sami wata da'ira ta daban. An ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shata wa Abdullahi ɗan Mas'udu layi a daren da ya gana da aljannu, ya hana shi ƙetare shi. Haka kuma malaman tsibbu sun gaji zanen hatimi daga littattafai irin su Shamsul Ma'arif, wanda ake dangantawa ga al-Buni na ƙarni na 13.

3.0 Fagen Bori

A wasan bori ba a ɗaukar wuƙa a zana da'ira a ƙasa. Jama'a ce da kanta take zama da'irar. Masu garaya ko goge da 'yan buta sukan zauna a gefe guda, 'yan kallo su kewaye, a shimfiɗa tabarmi a tsakiya. Idan makaɗa suka kama taken wani iska, alal misali Ɗan Galadima ko Sarkin Rafi ko Inna, sai ya hau dokinsa ko goɗiyarsa, a yafa masa kayansa, ya yi magana da jama'a, sa'an nan ya sauka da atishawa. A girka kuwa, watau hanyar shigar da marar lafiya cikin bori, keɓewar ta fi tsanani, domin akan killace shi a ɗaki na wasu kwanaki ana ba shi magani kafin a fito da shi fage.

Wannan fage yana da tarihin siyasa. A wajen 1805 Malam Isiyaku ya ci Daura da jihadi, gidan tsohuwar sarauta ya fice, daga bisani ya kafu a Zango da Ɓaure. Ƙauyukan Sandamu sun kasance ne a wannan yanki mai sarauta uku, har farkon ƙarni na 20 da Turawa suka mai da Malam Musa na Zango kan gadon Daura. Shugabannin jihadi sun yi hani da bori, Nana Asma'u ma ta ja hankalin mata su guje shi. Amma a garuruwan da suka ƙi bin Sakkwato bori ya ci gaba da zama a fada: a Maraɗi Iya ce shugabarsa, a Tsibiri ta Gobirawa kuma Inna. A wannan zamani, musamman tun da Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'a a 2000, fagen ya ƙara ƙuntata, ya koma cikin gidaje.

4.0 Da'irar Wika

Wika sabon addini ne. A 1951 aka soke dokar Ingila ta 1735 game da sihiri, sai Gerald Gardner, wani tsohon ma'aikacin mulkin mallaka a Malaya, ya fito fili a 1954 yana cewa ya gaji wani tsohon addinin Turai. Ya dogara ne da ra'ayin da Margaret Murray ta kawo a 1921, wanda masana tarihi suka riga suka rushe. Ronald Hutton ya nuna a 1999 cewa an harhaɗa ibadun Wika ne daga littattafan sihiri da ƙungiyoyin asiri na ƙarni na 19.

Bisa tsarin Gardner, akan shata da'ira mai faɗin ƙafa 9 da wata wuƙa ta musamman, a yayyafa ruwan gishiri, a kewaya da turare, sa'an nan a kira masu tsaron kusurwoyi huɗu, ana farawa daga gabas. Idan an gama sai a sallame su. Mafi yawan wannan ya fito ne daga littafin da ake kira Mabuɗin Sulemanu, wanda Mathers ya fassara zuwa Ingilishi a 1889. A cikinsa matsafi yakan shiga da'ira ne don kada aljannun da ya kira su taɓa shi. 'Yan Wika sun ƙara mata wani aiki, watau tara ƙarfin da suka ce jikinsu yana fitarwa.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga ayyuka uku. Da'irar kafi da ta Mabuɗin Sulemanu ta tsari ce, ta Wika ta tari ce, fagen bori kuwa na tarbar baƙi ne, domin a cikinsa ake so iska ya sauka. Abin da ya haɗa su bai wuce sunan Annabi Sulemanu ba, wanda aka hore wa aljannu: Turawa sun jingina masa littafin sihiri, 'yan bori kuma suna kiran sarkin Jangare da suna Sulemanu, kamar yadda Besmer ya bayyana a 1983. Kama da wane dai ba ta wane.

Dangane da fassara, maye a Hausa shi ne mai kama kurwa, kuma kalma ce da take raba aure, ta kori tsohuwa daga gari. Saboda haka ya kamata malamai da masu fassara su bar Wika da sunansa, su kira aikin shata da'irar tsafi. Ya kuma kamata ɗalibai su hanzarta tattara kalmomin fage da taken iskoki daga bakin tsofaffin makaɗan ƙasar Daura tun suna raye.